Hattara da masu yanka robar shaf su sayar muku da mataccen shaf

Masu Corolla, Camry, Accord, Golf da duk motar da ƙafafun gaba ke ja, ku saurara. Akwai wata damfara da ake yi da robar shaf, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa taya. Mutum biyu ne ke haɗa baki a kanta, wani yaron gareji da wani mai sayar da kayan gyara, kuma abin da ya sa take ci shi ne yawancinmu ba mu taɓa durƙusawa mun leƙa bayan tayar motarmu ba.

Yadda suke farawa ke nan. Ka kai mota juyen baƙin mai ko canjin birki, an ɗaga ta, kai kana can kan benci kana danna waya. Can sai yaro ya kira ka: "Alhaji, zo ka gani da idonka, robar shaf ɗinka ta fashe." Ka leƙa, ga roba a tsage, ga giris yana leƙowa. Kafin ka buɗe baki ya ƙara da cewa ai ƙasa ta riga ta shiga, kan shaf ya tafi, sauya roba asarar kuɗi ce, gara a sa shaf ɗungurungum. Kuma Allah ya taimake ka, akwai wani mutuminsa da aka sauke wa 'yan Beljiyam masu kyau jiya-jiyan nan.

Mota irin wannan tana da shaf biyu a gaba, dama da hagu, kowanne da gaɓa biyu, su ne ake kira kan shaf: ta waje wajen taya, da ta ciki wajen giyabos. Kowace gaɓa an rufe ta da roba mai lanƙwasa-lanƙwasa, wato roba 4 ke nan. A gaɓar waje galibi akwai ƙwallayen ƙarfe 6 da ke gudu a cikin kwarminsu, suna iyo cikin giris. Aikin robar biyu ne kawai, ta riƙe giris a ciki, ta tare ƙura da ruwa a waje. Idan ta fashe da gaske aka bar ta, yashi zai gauraya da giris ya dinga cin ƙarfen. Wannan gaskiya ne, kuma da wannan gaskiyar suke tsorata mutane.

Amma robar da ta mutu don kanta tana da kamanni. Tsufa ke kama ta a cikin lanƙwasar, ta bushe, ta yi ƙananan tsage-tsage kewaye kafin ta ɓalle. Kuma da yake shaf juyawa yake yi, girisin da ya fita ba ya zama wuri guda. Za ka tarar ya fantsamu a cikin ƙarfen taya, a jikin shokozoba, a bayan birki, ƙura ta manne masa ya zama baƙin taɓo. Wadda yaron gareji ya yanka da reza kuwa, bakin tsagar a miƙe yake sumul, robar da laushinta, girisin da ke bakin tsagar mai tsabta ne yana ƙyalli, kewayen wurin kuma a bushe ƙarau. Na ga irin wannan a motar wani maƙwabcina. Tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta ratsa lanƙwasa biyu a tsaye, abin da tsufa ba ya yi, kuma babu ko ɗigon giris a jikin tayar. Motar da ta zo garejin lafiya lau, ba ƙara ba jijjiga, wai kan shaf ya tafi.

Gaɓar da ta lalace ba ta ɓuya. Ka sami fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka ja motar a hankali tana zagaye. Idan ta waje ta ci, za ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga gefen taya. Ta ciki kuma takan nuna kanta da jijjiga lokacin da ka taka totur, ka ɗaga ƙafa ta lafa. In babu ko ɗaya, kuma tsagar sabuwa ce, abin da ake bukata shi ne a cire gaɓar, a wanke ta tas, a duba ƙwallayen da kwarminsu, a cika sabon giris, a sa sabuwar roba. Kuɗin wannan bai kama ƙafar kuɗin shaf ba.

Inda cutar ta fi muni shi ne kayan da za su kawo maka. Wannan "ɗan Beljiyam" sau da yawa shaf ne da aka ciro daga motar wani bayan ya gama aiki. An wanke shi da fetur, an fesa masa baƙin fenti, an danƙara masa giris mai kauri, an ɗaura masa sabuwar roba mai arha. Girisin ne ke danne ƙarar na ɗan lokaci. Ka biya, ka tafi kana godiya, bayan 'yan makonni ƙas-ƙas ta fara, ka koma a ce maka ai hanyoyinmu ne. Naka na asali kuma, wanda roba kawai yake nema, ya tafi shagon mutumin nasu. Shi ne za a sayar wa na bayanka a matsayin ɗan Beljiyam na gaske, kuma a wannan karon ba su yi ƙarya sosai ba.

Saboda haka duk shaf ɗin da aka ce na hannu ne daga waje amma robarsa sabuwa fil, jikinsa na warin fenti, ka tambayi dalili. Na gaske yakan zo da tsohuwar robarsa da maɗaurin kamfani. Ka duba ko fenti ya hau kan tsatsa ko ya shiga haƙoran bakin shaf. Ka riƙe sandar da hannu ɗaya, ka murɗa kan da ɗayan hagu da dama. In ka ji yana wasa yana ƙwal-ƙwal, ajiye musu kayansu. Ka ce a zame robar ka ga cikin. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna akwai 'yan kasuwa da za su buɗe maka da hannunsu, su kuma ba ka kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit.

Ko robar kaɗai za a sauya, ka tsaya a kan aikin. Saitin kirki yana zuwa da roba, da maɗaurai biyu na ƙarfe, da ƙunshin girisinsa. Na gaɓar waje baƙi-baƙi ne mai ruwan toka, ba irin ruwan ɗorawar da ake shafa wa boris ba. Kada ka yarda a ɗaure robar da waya ko da yankin tsohuwar roba, domin waya yanka ta take yi, ɗayar kuma sakewa take. A tabbatar an ɗaure babban notin tsakiyar taya an kulle shi, a kuma duba man giyabos, don yakan zuba idan an zare shaf.

Kafin ka miƙa makulli a kowane gareji, murɗe sitiyari gefe, ka haska fitilar waya bayan kowace tayar gaba, ka ɗauki hoton robobin a gaban mai garejin. In kuma har ta kai ga sauya shaf, ka faɗa tun kafin a kwance noti ɗaya cewa tsohon naka ne, a but ɗin motarka za a saka shi.