Agogon ƙirga takun yara: ya fitar min da yaro daga ɗaki, sannan ya karya masa gwiwa

Duk uwar da ke da yaro a makarantun kuɗi na Kaduna ta ga agogon nan, ko a hannun ɗanta ko a hannun ɗan maƙwabta. Na roba ne mai launi, yana ƙirga taku, a haɗa shi da manhaja a waya, yaro ya riƙa tara taurari, taurarin kuma a ce da su ake karɓar kyauta. Kuɗinsa kun sani, masu sayar da shi ma kun san su, ga na wata-wata da manhajar ke cira. Na saya wa yarana biyu, ɗan aji shida da ƙanwarsa, kuma da farko na ji daɗin kuɗina sosai.

Yarona daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai kujera da wayar babansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, irin wanda zai sa numfashi ya hau, shi ko rabin haka ba ya yi. Ba na ganin laifinsa. Filin da yaran layinmu a Malali ke buga ƙwallo an gina shi, titi kuma ya zama na 'yan acaɓa da Keke Napep, ba zan sake shi a can ba. Mu mun taso maza na langa, mata na gaɗa a dandali har a kira isha'i, ba wanda ya ce mana motsa jiki muke yi. Su ba su sami wannan ba.

To, agogo ya yi aiki, wannan hakkinsa ne in faɗa. Yaron da sai na kira shi sau uku kafin ya je sayo magi, shi ne ya koma tambayata, “Umma, babu aike?” Ya riƙa bin babansa sallar asuba a ƙafa, har yana cewa su tafi masallacin da ya fi nisa. Ranar Asabar da safe sai ya matsa a kai su Dandalin Murtala su zaga tare da masu atisaye. Ya fara cin abinci da kyau, ƙarfe tara ya yi barci. Ba na ɓoyewa, har 'yan'uwana na yi wa tallar agogon.

Sai masu manhajar suka kawo gasar wata guda. Duk yaron da ya cika taku 10,000 kullum ba fashi zai sami ƙwallo da takalmin buga ta, wanda ya fi kowa kuma keken hawa. Adadin nan na 10,000 ma ba likitoci suka yanke shi ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan cikin shekarun 1960, amma yaro ina ruwansa, shi dai takalmi ya gani. Ya sa abin a ransa fiye da yadda na taɓa ganin ya sa wani abu. In magariba ta yi bai cika ba, sai ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida yana duba hannu. Ranar da mura ta kama shi ma sai da ya cika.

Gasar ta faɗo a watan Oktoban 2024, kuma kowa ya san abin da ya faru a ƙarshen watan nan. Layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka shiga duhu na kwanaki. Shagon masu caji ya cika maƙil, kuɗin caji ya tashi, sabis ya riƙa ɗaukewa. Yaron nan da kansa yake ɗaukar agogonsa ya kai wurin mai caji, ya zauna ya jira, ya ɗaura, ya ci gaba da tafiya. Bai yi fashin ko rana ɗaya ba, da idona nake ganin lambar a fuskar agogon kafin ya kwanta. Wayata ce ta mutu wasu darare, wasu kuma ga waya babu sabis.

Da wuta ta dawo na haɗa agogo da waya, takun duka suka hau, kowace rana da nata, ko ɗaya bai ɓata ba. A ƙasa kuma aka rubuta cewa ya fita daga gasar, domin dokarsu sai an aika takun kowace rana kafin sha biyun dare. Wato manhajar ta yarda ya yi tafiyar, tana nuna ta, amma ba za ta lissafa masa ba. Saura 'yan kwanaki a rufe, ta leƙo ta koma.

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, “Umma, ai na yi. Ga shi nan a rubuce.” Ban sami abin ce masa ba. Ya shiga ɗaki ya yi kuka, kuma shi ba mai yawan kuka ba ne.

Na rubuta musu, na haɗa da hoton takun kowace rana. Amsar farko ta na'ura ce, da Turanci, tana gode min. Ta biyu ma ita ce. Na kira matar da na saya a hannunta, ta ce, “Hajiya, wallahi ni agogo kawai nake sayarwa, manhajar ba tamu ba ce.” Ta dai yi ƙoƙari ta samo min wata lamba, Allah Ya saka mata. Da na sami mutum a ƙarshe, cewa ya yi doka doka ce, za su ƙara masa 'yan taurari na ban-haƙuri. Na ce masa, malam, jihohin Arewa nawa ne suka kwana cikin duhu, yarona kaɗai abin ya shafa? In za ku karɓi kuɗinmu duk wata, ya kamata ku san yadda wutarmu take. Ya ce zai isar da saƙo. Shiru kake ji. Babansa ya je Kasuwar Barci ya sayo masa takalmi mai kyau, ya karɓa ya yi godiya, amma ya ce min a ɓoye ba irin wanda mutum ya ci da guminsa ba ne.

Haushin abin ya sa na koma na duba jerin waɗanda suka yi nasara, sai wani takaicin ya taso. Akwai yaran da lambarsu ko soja ba zai yi ta a rana ba. Agogon ba ƙafa yake gani ba, girgizar hannu yake ji. Ranar da 'yata ta taya ni daka a turmi ta tashi da taku mai yawa alhali tana tsaye wuri ɗaya. In muka hau Keke Napep a hanya mai ramuka, lamba na ta hawa. Yaron da ya tuƙa keke ya jiƙe da zufa kuwa ɗan abu kaɗan yake samu, tunda hannunsa na kan kan keke bai motsa ba. Yara sun gano wannan tuni, wata maƙwabciyata ta ce nata a zaune yake kaɗa hannu yana kallon talabijin. Irin wannan bai karya dokarsu ba, nawa da ya taka da ƙafarsa shi ya karya.

Abin da ya fi damuna ma ba takalmin ba ne. Ni malamar firamare ce, kuma a karatun koyarwa an ba mu labarin wani bincike da Mark Lepper da abokan aikinsa suka wallafa a 1973 a jami'ar Stanford ta Amurka. Sun sami ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun zana. Daga baya da aka bar su su yi wasan da suka ga dama, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zane, sauran kuwa ba su rage ba. Haka na gani a gidana. Yanzu in na aike shi sai ya duba hannu tukuna, in agogo babu caji ya ce a jira. Ya daina zancen masallacin nesa. Tafiya ta zama aikin da sai da lada, ladan kuma an hana shi. Muna ta lallaɓa shi, babansa ya sa shi cikin yaran da ke atisayen ƙwallo da yamma a filin wata makaranta, a can ne yake ɗan sakewa, kuma ba da agogo yake zuwa ba.

Duk da haka ba zan ce ku jefar da shi ba, saboda ƙanwarsa. Ita ba ta shiga gasar ba, keke bai dame ta ba. Abin da take so shi ne ɗan bidiyon motsa jiki na minti goma da ake bi a cikin gida, da tsallen igiya, da furen da ke buɗewa a manhajar in ta cika na ranar. Ta jawo 'yan matan gidan da ke kusa da mu, bayan la'asar tsakar gidana cike yake da tsalle da shewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, mata kashi 85, maza 78. A nan kuwa mun san da yarinya ta fara tasawa fita wasa ta ƙare mata. Sai dai bidiyon na shan data, duk da Turanci ne, wasu kuma kiɗansu da shigar masu yin su ba su dace da gidana ba, sai na zauna na zaɓa mata.

Don haka biyan wata-wata na manhajar, nata na bar shi, nasa na soke. Agogon ko babu biyan wata yana ƙirga taku, wanda zai saya ya tsaya a nan, ko ya kashe ɓangaren gasa tun ranar farko kafin yaro ya gan shi. Sokewar ma sai da na sha wuya, maɓallin yana can ƙarshen wani lungu na manhajar, kuma bayan saƙo ya zo cewa an soke, watan da ya biyo sai da suka sake cire kuɗin daga asusuna. Na rubuta musu a kan wannan ma, har yau ba su dawo da shi ba.