Sharhi kan ziyarar kamfanin Umra: Madina, Makka, ƙauyukan Ɗa'ifa da Al-Ula

Kusan duk kamfanin da ke kai mutane Umra yana rubuta "har da ziyara" a takardar tallarsa, amma da wuya a fayyace wa maniyyaci abin da ke ciki. Wadda na bi tana cikin kuɗin kujera: rabin yini a Madina, rabin yini a Makka, yini guda a Ɗa'ifa. Al-Ula kuwa daban ake biya, ga mai so. Abin da ya kamata a sani tun kafin a biya shi ne, mota da direba kawai kamfani ya yi alkawari. Lokacin tashi, da wanda zai riƙe lasifika ya yi bayani, da girman motar, ba a rubuta su ko'ina, alhali su ne ke sa mutum ya amfana ko ya wahala a banza.

Ta Madina ce ta fi rauni. Ana cewa a fito ƙarfe bakwai, amma kafin mutum arba'in da wani abu su gama saukowa daga ɗakuna, takwas ta gota. Direba kuma dole ya dawo da jama'a kafin Azahar, domin ana tare hanyoyin da ke kusa da masallaci idan lokacin salla ya gabato, wanda ya makara sai a sauke shi nesa. Awa uku da ɗoriya ke nan za a raba wa Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini, wurin Yaƙin Gwalalo da gonar dabino. Idan aka cire cunkoso da neman wurin ajiye mota, kowane wuri bai fi minti ashirin ba.

Minti ashirin ba ya isar Ƙuba. Falalar da ta zo a hadisi, ta lada kamar na Umra, an ambace ta ne ga wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya je ya yi salla a can. Saboda haka a yi alwala tun daga masauki. Wanda ya bari sai ya isa, layin wurin alwala zai cinye masa lokacin, ya yi raka'a biyu a gurguje ana yi masa hon, kuma ɓangaren mata ya fi cika. Tsakanin Masallacin Annabi (SAW) da Ƙuba kilomita uku ne da 'yan kai, kuma akwai titin da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, shimfiɗaɗɗe, da wuraren zama. Mai ƙoshin lafiya zai taka shi cikin minti arba'in zuwa hamsin, tsofaffi kuma akwai ƙananan motocin lantarki da ake biya. A fita bayan Asuba, yadda za a isa rana ta riga ta ɗaga, lokacin da aka hana nafila ya wuce. Ranar Asabar an fi cika, domin Manzon Allah (SAW) ya kasance yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa.

A Uhudu ake gane jagora. Yaƙin ya faru a Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, kuma sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair, Allah Ya ƙara musu yarda. Ɗan tudun da aka tsayar da maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair yana daf da maƙabartar, hawansa bai fi minti biyar ba. Daga kansa Dutsen Uhudu yana arewa, garin Madina yana kudu, filin da aka gwabza yana ƙarƙashinka. Idan mai bayani ya nuna da hannu yadda dawakan Khalid bin Walid suka kewayo ta bayan tudun da maharba suka sauka, nan take za ka ga dalilin da aka ce kada su bar wurin ko me ya faru. Wanda bai samu wannan bayani ba, tsaunin tsakuwa kawai ya hau ya ɗauki hoto. Namu jagoran ya san tarihi, sai dai lasifikarsa ta cikin mota ce, da aka sauka mutum goma na kusa da shi ne suke ji. Tsakuwar tudun tana zamewa, silifas ba ya riƙe ta, musamman a gangara. A maƙabartar kuwa sallama da addu'a ake yi daga bayan shinge.

Ƙiblataini da masallatan gindin Dutsen Sal'u, inda aka haƙa gwalalo a shekara ta 5, sau da yawa ta taga ake nuna su idan lokaci ya ƙure. Amma ban ga an taɓa lokacin gonar dabino ba, nan aka fi daɗewa. Sayen dabino ba laifi, sai dai kada ya zama nan ne farkon inda ka ji farashi. A fara zagaya kasuwar dabino da ke kusa da masallaci, a san kuɗin kilo na ajwa, safawi da sukkari. Ajwa ƙarama ce, baƙa, mai ɗan zagaye, da siraran layuka a fatarta. Ka ɗanɗana daga kwalin da za a auna maka, ba daga farantin da aka ajiye a gaba ba.

Shiga Rauda ba ya cikin ziyarar bas. Izini ake nema ta manhajar Nusuk, da rana da sa'a, maza da mata lokaci daban, kuma gurabe suna ƙarewa da wuri. Badar ma ba ta ciki. Tana kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Madina, tafiyar kusan awa biyu, don haka sai a haɗa mutum huɗu zuwa bakwai a ɗauki ƙaramar mota. Wanda kuma zai wuce Makka a jirgin ƙasa na Haramaini, da ke cin kilomita 450 cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, ya tuna jirgin ba ya tsayawa a Zul-Hulaifa. Ya ɗaura harami kafin ya hau, domin jim kaɗan da tashi ake wuce mikatin.

Ziyarar Makka ta biya kuɗinta, saboda wuraren suna warwatse kuma yawancinsu ganin ido ya wadatar. Bas yana tsayawa gindin Dutsen Sauru, ya wuce Arfa mai nisan kusan kilomita 20, ya biyo ta Muzdalifa da Mina, ya ƙare a gindin Dutsen Nur. Mai niyyar aikin Hajji nan gaba ya buɗe ido sosai a nan. Zai ga allunan da ke nuna farko da ƙarshen iyakar Arfa, kuma jagora nagari zai nuna masa cewa gaban Masallacin Namira yana wajen iyakar, wanda ya wuni a nan ranar Arfa bai shiga filin ba tukuna. Zai kuma ƙiyasta da idonsa tazarar tantunan Mina zuwa wurin jifa. A Jabalur Rahma motoci suna da yawa kuma kusan kamarsu ɗaya. Ka ɗauki hoton lambar motarku da wayarka, ka karɓi lambar direba kafin ka taka ƙasa. Yawan jinkirin da ake samu a nan, neman mutum ɗaya ne da ya shiga motar wasu.

Bas ba ya jiran mai hawa Kogon Hira da ke kan Dutsen Nur, fita ce ta daban. Dutsen ya haura mita 600, matakalarsa sun fi dubu kuma ba tsayinsu ɗaya ba. Mai ƙarfi yana kaiwa cikin awa ɗaya, mai hutawa awa ɗaya da rabi ko fiye. A hau kafin Asuba ko bayan La'asar sakaliya, kada a kuskura da tsakar rana. A riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, da takalmi mai kama ƙasa, da jakar goyo maimakon leda, domin biran dutsen leda suke fizga. Daga ƙololuwa sai an ɗan gangara an ratsa wani matsatsi tsakanin duwatsu kafin a kai bakin kogon, wanda bai fi ɗaukar mutum biyu zuwa uku ba, ga layi. Saukowa ta fi cin gwiwa. Hawan nan ba ya cikin ayyukan Umra ko Hajji, don haka mai ciwon zuciya, ko hawan jini da bai daidaita ba, ko ciwon gwiwa, ya tsaya a gindi, akwai gidan nune-nunen tarihin wahayi da zai shiga.

Ɗa'ifa ita ce na fi so a gyara, domin wurin yana da abin gani amma tsarin babbar mota yana tauye shi. Garin yana kan tsaunukan Sarawat, sama da mita 1,800, shi ya sa za ka baro zafin Makka ka tarar da iska mai sanyi. Hanya biyu ce. Ta Hada ta fi kusa, kusan kilomita 90, tana nannaɗe dutse lanƙwasa bayan lanƙwasa, kuma ita ce mai kyan gani. Ta Sail ta fi tsawo amma ta fi sauƙin hawa, kuma galibi ita manyan motoci ke bi. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi ko hazo ya rufe, ana iya rufe ta Hada gaba ɗaya. Wanda aka kai a babban bas zai yi salla a Masallacin Abdullahi bin Abbas, a nuna masa yankin Masna inda ake danganta lambun da wani bawa mai suna Addas ya kawo wa Annabi (SAW) inabi bayan mutanen garin sun jefe shi, a tsaya shagon turare, a juyo. Ƙauyukan da ake zuwa dominsu ba zai gan su ba.

Ƙauyukan suna Hada da Shafa. Shafa tana kudu maso yamma da gari, ta fi shi tudu, ta haura mita 2,000. Gonakinta hawa-hawa ne a jikin dutse, an tokare kowane hawa da katangar duwatsu don kada ruwa ya wanke ƙasa, ana noma inabi, rumman, ɓaure da furen wardi. Hanyoyin ciki ƙanana ne, sai mota mai kujera bakwai zuwa goma sha biyu. Wardin yana fure ne wajen Maris zuwa Afrilu, kuma tun da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta kwashe ƙamshin. A lokacin ne za ka tarar da tukwanen tagulla a kan wuta, an zuba fure da ruwa an rufe, tururi yana bi ta bututu cikin ruwan sanyi yana ɗiga a kwalba, man yana taruwa siriri a saman ruwan. Dubban furanni ake dafawa kafin a samu tola ɗaya, shi ya sa man gaske yake da tsada, mai araha kuma a yi masa tambaya. Idan ba kakarsa ba ce, tukwane a sanyaye za ka gani da kantin sayarwa, kuma ya kamata kamfani ya faɗi haka tun farko. A Hada akwai keken sama mai tafiya a igiyar ƙarfe, 'yan ƙasar suna ce masa talfirik, yana gangarawa zuwa Kur a gindin dutse. Tikitinsa ba ya cikin kuɗin ziyara, kuma a tambayi lokacin buɗewarsa kafin a tsara yinin. A tafi da rigar sanyi ko da an baro Makka ana gumi. Birai suna tsayawa bakin hanyar Hada, kada a sauke gilashi a miƙa musu abinci.

Wanda zai sake Umra a dawowa ya tafi da haraminsa a jaka. Mikatin wannan ɓangare shi ne Ƙarnul Manazil, a Sail Kabir, masu gangarowa ta Hada kuma suna ɗaurawa a Wadi Muharram. A gaya wa direba tun da safe, domin wanka da canza kaya na mota guda yana cin kusan awa, kuma idan ba a sa shi a lissafi ba, lokacin ƙauyukan ake yankewa.

Al-Ula tana arewa da Madina, sama da kilomita 300, kusan awa huɗu a mota. Masu tallar zuwa da dawowa a yini ɗaya suna sayar da awa takwas na zama a kujera ne. Sai da kwana. Hijir, wadda ake kira Mada'in Salih, ita ce wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 2008, da kaburbura 111 da Nabatawa, wata al'ummar Larabawa ta zamanin da, suka sassaƙa a jikin duwatsu. Ba a shiga da motar kai, tikiti ake saya tun kafin ranar, mai ɗauke da sa'a, kuma wanda ya makara motar shiga ta tafi. Musulmi ya san cewa a Bukhari da Muslim an hana shiga gidajen mutanen Hijir da aka halaka sai ana kuka, don haka wanda zai je ya tambayi malaminsa, ya kuma shiga da natsuwar ɗaukar izina. Tsohon garin Al-Ula na gidajen laka da gonakin dabinon da ke gefensa sun fi daɗin zagayawa da yamma.

Gandun dajin Shar'an, da ke yankin Al-Ula, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, kuma an sake dawo da mariri, barewa da awakin dutse cikinsa. Da jagora ake shiga, a motar da ke iya yashi, kuma ba a sauka sai inda ya ce. Dabbobin suna fitowa kiwo da sanyin safiya da gab da faɗuwar rana, da rana ta take suna shigewa inuwar duwatsu, saboda haka a zaɓi fitar farko ko ta ƙarshe. A tafi da madubin hangen nesa, domin ba a matsawa kusa da su. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayin ya fi kyau, amma daren Disamba da Janairu yana da sanyi mai ratsa ƙashi, kuma motocin shiga dajin da yawa a buɗe suke.