Ma'aunin sukari ga masu zoɓo da lemun citta a Damagaram: na leƙawa ko na tsomawa?

Duk wadda take haɗa zoɓo, lemun citta ko ruwan tsamiya don sayarwa a Damagaram ta san abin da watan Afrilu da Mayu suke yi wa kaya. Zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, firigo ya huce, kafin la'asar buteli ya kumbura, in an buɗe sai ka ji "fisss". Wannan iskar ba ta banza ba ce. Ƙwayoyin yis ne suke cinye sukari suna mayar da shi iska da barasa. Shi ya sa nake ganin ma'aunin sukari ya zama dole ga mai wannan sana'a, ba don zaƙi ya daidaita kawai ba.

Kayan awon nan masu yin giya a gida a Turai da Amurka suna yawan sayensu, don haka kada hoton kofin giya a kan kwali ya sa ki ja baya. Su suna auna nauyin ruwan kafin ya tashi da bayan ya tashi. Tsabtataccen ruwa 1.000 ne, ruwa mai sukari kamar kashi 10 cikin ɗari yana kai wajen 1.040. Sai su cire awon ƙarshe daga na farko, su ninka da 131, su samu yawan barasa. Abin da suke nema shi ne mu muke gudu, amma lissafin ɗaya ne: zoɓon da ya sauka daga 1.040 zuwa 1.036 ya riga ya tara barasa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Hukuncinsa na malamai ne. Ni dai ba zan miƙa wa mai buɗe baki irinsa ba.

Wanda na fi so shi ne na leƙawa, wato rafaraktomita. Ɗan bututu ne da bai wuce tocila ba, da gilashi a karkace a baki da murfi a kansa. Ki ɗiga ɗigo biyu ko uku, ki rufe murfin har ruwan ya baje babu kumfa, ki fuskanci haske ki leƙa. Za ki ga sama shuɗi, ƙasa fari, inda suka haɗu nan ne awon. Ma'auninsa Brix ne, kuma Brix 1 na nufin giram 1 na sukari a cikin giram 100 na ruwan. Ba ya cin batir, ba ya neman wuta. Babban abin da ya sa na riƙe shi kuwa, ba ya shiga cikin kayana. Cokali mai tsabta ya ɗebo ɗigo, ɗigon ya tafi ke nan, babu abin da zai koma cikin roba. In na rufe zoɓo da safe a Brix 11, da rana na ɗauki buteli ɗaya na leƙa na ga ya kusa 10, na san aiki ya fara. Ki lura, barasa ita ma tana karkatar da haske, saboda haka saukar da idonki ya gani ba ta kai ta gaskiya ba. Kome ƙanƙantar saukar, kada ki raina ta.

Yana da 'yan sharuɗɗa. Zoɓo mai duhu sosai yana sa layin ya dushe, sai an tace shi da kyau. Kunu kuwa kaurin gero ya hana a ga komai. Ƙurar hunturu tana karce gilashin in aka goge shi a bushe, don haka a jiƙa ƙyalle mai laushi tukuna.

Na tsomawa, haidiromita, gilashi ne mai iyo a cikin ruwa, shi ne mai nuna nauyin ruwa da lambobi irin 1.040. Ya fi araha, amma bai dace da garinmu ba. Yana buƙatar kusan cikin kofi a kowane awo. In kin zubar asara, in kin mayar cikin roba kin mayar da duk abin da hannu da iska suka zuba masa. An kuma daidaita yawancinsu a digiri 20, to ruwan da ya kai digiri 35 zai nuna ƙasa da gaskiya da wajen 0.004, daidai saukar da muke tsoro. Ga saurin fashewa. Ma'auni mai batir da lambobi a fuska yana aiki, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙulla leda. Harshe kuma, da azumi a baki, ba ma'auni ba ne.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Na leƙawa iri-iri ne, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya, akwati ɗaya, launi ɗaya. Wani ɗan kasuwa da na ba sautu ya kawo mini na auna gishiri, irin na masu kiwon kifin teku, ya rantse na sukari ne. Abin da ke ruɗarwa, a cikinsa akwai lambobi daga 1.000 zuwa 1.070, sai ki ɗauka na nauyin ruwan sukari ne, alhali gefe ɗaya an rubuta 0 zuwa 100 na gishiri. Da na mayar ya ce kaya sun bar hannunsa. Akwai na zuma, wanda yake farawa daga Brix 58, zoɓonki ba zai ko motsa shi ba. Akwai na ruwan batir da na sanyaya injin mota. A ɓangaren na tsomawa ma ana miƙo na auna madara, ko na barasa mai ƙarfi mai 0 zuwa 100, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Abin da kike nema shi ne wanda in kin leƙa za ki ga Brix daga 0 zuwa 32. Kada ki yarda da rubutun kwali, Hajiya, leƙa da idonki.

Ko a kasuwar Dole za ki saya, ko daga Kano za a yi miki sautu, a yi sharaɗin gwaji kafin kuɗi su fita. Ki tafi da ruwa mai tsabta: ya nuna 0, in bai nuna ba a juya ɗan dunƙulen da ke sama har ya dawo. In dunƙulen yana juyawa layin bai motsa ba, ajiye musu abinsu. Sannan ki auna sukari giram 10 da ruwa giram 90 a ƙaramin sikeli, ki narkar, ki ɗiga: ya nuna 10. Haruffan ATC da ake liƙawa suna nufin yana gyara kansa saboda zafi, amma yawanci tsakanin digiri 10 da 30 ne kawai, kuma liƙa takarda ba wuya. Ki ajiye shi a ɗaki mai sanyi, ki gwada shi da ruwa kowace safiya.

Kada mai sayarwa ya ce miki na'urar tana nuna ƙwayoyin cuta. Sukari kawai take gani. Zoɓo zai iya tsayawa cif a Brix 11 yana ɗauke da taifod ko kwalara daga ruwan da aka sirka shi da shi, mu kuma da muke dogaro da 'yan ga-ruwa in famfo ya ƙafe mun fi kowa sanin haka. Ruwan sirki a tafasa shi. Sukari a zuba tun kayan suna da zafi. Ɗanyar citta bawonta cike yake da yis na daji, shi ya sa lemun citta ya fi saurin tashi; a kankare ta, a dafa. Tsohuwar jarka da cikinta ya karce ba ta wankuwa, a sauya. Butelin da aka tsinto a wanke da sabulu, a jiƙa cikin ruwan jabel, wato bilic, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a ɗauraye da tafasasshen ruwa, a kife ya bushe. Jabel kuma kada ya haɗu da tsamiya ko lemun tsami, iskar da ke fita guba ce.