Littafin ƙirar jikin dabbobi: shekara guda ina fama da shi

A kasuwar Suk Arabi na sayi littafin nan a 2022, wajen masu baza littattafai a ƙasa, lokacin ina aji biyu a sashen nazarin dabbobi a Khartum. Darasin shi ne kwatanta ƙirar jikin dabbobi masu ƙashin baya, tun daga kifi har zuwa ɗan Adam. Kwafin hoto na samu, baƙi da fari, don na ainihin ya fi ƙarfin aljihuna. Nan na fara cutar kaina: zanen jijiyoyin jini da aka bambanta da ja da shuɗi duk ya koma toka-toka. Mai hali ya sayi mai kala.

Babin ƙoƙon kai kaɗai ya fanshe kuɗina. Marubucin ya bi ƙashi ɗaya-ɗaya ya nuna yadda biyu daga ƙananan ƙasusuwa ukun da ke cikin kunnenmu suke daidai da waɗanda ke haɗa muƙamuƙin ƙadangare. Sau uku na karanta wurin kafin ya zauna mini, amma da ya zauna bai sake tashi ba. Haka babin zuciya: ɗaki biyu a kifi, uku a kwaɗo, huɗu a kada da tsuntsu da mu. Kuma ba ya barin ka da hadda, sai ya faɗa maka dalili.

Turancinsa fa da nauyi. Mu da malami ke bayani da Larabci, a ɗaki mu yi muhawara da Hausa, sai ka ga ƙashi ɗaya da suna uku a gefen shafi.

Babban ƙorafina dabbobin da ya gina darasin a kansu: ƙaramin kifin shak, kyanwa, da wata dabbar ruwa ta Amurka da ban taɓa gani ba. Raƙumi kuwa sai ka yi ta lalube. Da na je hutu gida Maiwurno na tarar da kawuna, mahauci ne, na ce, "Kawu, wai raƙumi ba shi da madaciya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, sai da ka je jami'a ka sani?" Shi ya bayyana mini cewa tumbin raƙumi kashi uku ne, na saniya huɗu. Ya ajiye wuyan rago a kan kututture muka ƙirga gaɓoɓin, bakwai cif, kamar na raƙumin dawa da na ɓera. Littafin ya faɗi wannan, amma a hannun Kawu na yarda.

Gaiwa dai littafin ya yi mata adalci. Wannan kifin da muke yi wa kirari da cin jikinta ya samu shafuka masu kyau kan huhunta da yadda take kwanciya cikin laka har ruwa ya dawo.

Ɗalibin aji biyu zuwa sama zai amfana, ɗan aji ɗaya zai sha wuya. Nawa kwafin yana ɗakin kwanan ɗalibai tun watan Afrilun 2023 da yaƙi ya kore mu, da alƙalamina a babin ƙoda, inda na tsaya.