Lossless Scaling: gyara hoton gem ana tsaka da bugawa

Kwamfutar da nake buga gem da ita laftof ce ta hannu, a Banex da ke Wuse 2 na saye ta, katin hotonta GTX 1650 mai 4GB. Masu irinta sun san halinta: ka sa sabon wasa a 1920x1080 sai ya riƙa tsaitsayawa, fanka na ta kuka kamar injin markaɗe. DLSS, fasahar NVIDIA ta faɗaɗa hoton gem, kuwa ba rabonmu ba ce, sai masu katin RTX. Dalilin da ya sa na sayi manhajar Lossless Scaling a Steam, kasuwar gem ta intanet, ke nan, wajen dala 7.

Aikinta ba wahala. Za ka buɗe gem a taga maimakon ya cika allo, ka rage girmansa zuwa 1280x720, sai ka danna Ctrl+Alt+S. Nan take manhajar za ta shimfiɗa tagar ta cika allon, ta kaifafa gefuna. Ka sake dannawa, hoton ya koma yadda yake. In maɓallin Scale ka taɓa, tana ba ka daƙiƙa 5 ka koma tagar wasan. Ribar a lissafi take: 720 na da ɗigo 921,600, 1080 kuma 2,073,600, wato katin bai zana ko rabin abin da ya saba ba.

Mutane sun fi yi mata talla da LSFG, wato ƙirƙiro hotunan cike giɓi da aka ƙara mata a 2024. Ni abin da ya biya ni kuɗina shi ne ba na fita daga wasa. Ina tsaye wuri guda a GTA V, na kalli titi da FSR, ɗaya daga cikin hanyoyin faɗaɗa hoto da ke cikin manhajar, na kashe, na koma wata hanyar mai suna LS1, na sake kallon titin nan dai da wayoyin wutarsa da allunan shaguna. A haka ne ido ke gane bambanci. Da sai an rufe wasa an sake lodi, kafin ka dawo ka manta yadda na farkon yake, ka shiga cankar banza. A idona LS1 ya fi tsabtace siraran abubuwa, FSR kuma in ka cika masa kaifi sai gefunan mutane su yi wani fari-fari.

Inda ta fi yi mini rana shi ne lokacin da aka ɗauke wuta, abin da mu 'yan Kubwa ba sai an yi mana bayani ba. Da laftof ta koma kan batir, sai katin ya rage ƙarfi, wasan da ke tafiya sumul ya fara ɗingishi. Sai na dakatar, na sauke tagar daga 1600x900 zuwa 720 a cikin saitin wasan, na danna maɓallan nan uku, a ci gaba. Girman tagar dai a cikin wasan nake canza shi, manhajar faɗaɗawa kawai take yi mini.

Tana da iyakarta. Hoton da aka riga aka gama zanawa take faɗaɗawa, saboda haka rubutu da taswira su ma a 720 suke fitowa, ƙananan haruffa kan yi dishi-dishi. Wasan da ke da FSR a cikinsa, gara ka yi amfani da nasa, don yana barin rubutu garau. Tsofaffin wasanni masu manyan ɗigo kuwa Integer, mai ninka kowane ɗigo daidai, ya dace da su: 960x540 sau biyu ya cika 1080 cif.

LSFG ɗin a kashe nake barinsa idan ƙanena ya zo mu buga eFootball, domin yana ƙara ɗan jinkiri tsakanin yatsa da ƙwallo, kuma yaron ba ya yafe fasin ɗin da ya makara. Wanda faɗaɗa hoto kaɗai yake so, akwai manhajar Magpie kyauta a shafin GitHub, ita ma da FSR a ciki.