Rumbun bayanan ALBA da amfaninsa ga mai shirya wasan yaƙin sama na Sifaniya

Duk wanda ke buga wasan yaƙi na kan tebur da ƙananan jiragen sama, ya kuma zaɓi yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, ba ya daɗewa sai ya ci karo da matsalar mutanen da ke cikin jiragen. Samun ƙaramin samfurin jirgin yaƙi na Polikarpov I-15 ko Fiat CR.32 ba abu ne mai wuya ba, dokokin wasa ma suna nan iri-iri, amma idan aka zo rubuta katin matuƙi, a san ko shi wane ne, yaushe ya iso, a wane rukuni ya yi aiki, nan ne labaran da ke yawo a intanet suke fara saɓa wa juna. A kan matuƙan da suka fito daga Amurka, wurin da na fi dogara da shi shi ne rumbun bayanan ƙungiyar Abraham Lincoln Brigade Archives, wadda ake taƙaita sunanta da ALBA.

Rumbun kyauta ne, yana kan shafin ƙungiyar, kuma ya ƙunshi taƙaitaccen tarihin Amurkawa kusan 2,800 da suka je Sifaniya don taimaka wa gwamnatin Jamhuriya a kan dakarun Janar Franco. Sunan ƙungiyar na iya sa mutum ya ɗauka sojojin ƙasa kaɗai aka tattara, alhali akwai likitoci da ma'aikatan jinya da direbobi da matuƙan jirgin sama. Shigarwar da ta cika takan kawo ranar haihuwa da garin mutum, sana'arsa, jam'iyyarsa idan yana da ita, ranar da ya bar Amurka da jirgin ruwan da ya shiga, sannan ranar dawowarsa ko rasuwarsa, a ƙasa kuma a nuna inda aka samo bayanin. Takardun asali suna ajiye a ɗakin karatu na Tamiment da ke Jami'ar New York.

Babban amfanin da na gani shi ne ranaku, domin su ne suke hana mai shirya wasa haɗa mutanen da ba su taɓa tashi tare ba. Matuƙin Amurka Bert Acosta da abokan tafiyarsa sun iso a ƙarshen 1936, suka yi aiki a arewa wajen Bilbao da tsofaffin jirage, kuma kafin watan Janairu na 1937 ya ƙare sun koma gida, don haka ba su da gurbi a wasan da aka gina a kan yaƙin Jarama na watan Fabrairu. Ben Leider, ɗan jarida daga New York, a Jarama ɗin ya rasu, saboda haka bai ga yaƙin Guadalajara a watan Maris ba, balle na Brunete a watan Yuli. Harold Dahl kuwa a lokacin Brunete aka kakkaɓo shi aka kama shi, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta, sai a 1940 ya samu 'yanci. Idan aka jera waɗannan ranaku, za a ga cewa zamanin yawancin matuƙan Amurka a Sifaniya bai kai shekara guda ba, kuma watan Fabrairu na 1937 ne lokacin da ya fi dacewa a ɗora su tare a tebur, cikin rukunin Andrés García Lacalle, a jiragen I-15 masu fuka-fuki hawa biyu da Sifaniyawa ke kira Chato.

Akwai wani abin da rumbun ya tilasta mini in yi tunani a kansa, wato bambancin ɗan sa-kai da wanda ya zo bisa kwantiragi. Gwamnatin Jamhuriya ta ɗauki matuƙa da dama a kan dala 1,500 a wata, da ƙarin dala 1,000 a kan kowane jirgin abokan gaba da aka tabbatar sun kakkaɓo. Frank Tinker, wanda ya taso a jihar Arkansas ya kuma kammala makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Amurka a 1933, a kan irin wannan yarjejeniya ya zo, yayin da Leider aƙidarsa ta siyasa ce ta kawo shi. Ban yarda a rage darajar Tinker a katin wasa don an biya shi ba, domin shi ne aka lissafa wa jirage takwas, ciki har da Messerschmitt Bf 109 na Jamusawa a watan Yuli na 1937 bayan ya koma tuƙa jirgin Polikarpov I-16. Amma wanda ya karanta tarihin mutanen biyu ba zai ba su hali ɗaya ba idan ana maganar wanda zai tsaya kare abokinsa da wanda dokar wasa za ta ba shi lada idan ya bi jirgin da ya raunana. Waɗannan mutane ne da suka rayu, wasunsu suka mutu a can, kuma ina ganin hakkinsu ne a san su kafin a jefa ƙwayar ludo a kansu.

Inda rumbun bai kai ba shi ne jirgin kansa. Ba don masu wasa aka gina shi ba, saboda haka lambar da ke jikin jirgi, launin fenti, jan ɗamarar da jiragen Jamhuriya ke ɗauke da ita, da tutar ja da rawaya da shunayya a wutsiya, duk sai an nemo su a littattafan tarihin jiragen sama. Haka nan adadin jiragen da matuƙi ya kakkaɓo ba abin da za a yanke hukunci a kansa daga wuri ɗaya ba ne. James Peck, baƙar fatar Amurka daga Pennsylvania, an daɗe ana danganta masa jirage biyar, masana da dama kuma suna jayayya da wannan lissafi, don haka ni matsakaicin maki nake ba shi a wasa. Tsawon shigarwa ma ya bambanta ƙwarai, wata ta cika shafi har da hoto, wata layuka kaɗan ce, kuma an rubuta su da Turanci mai yawan gajerun haruffa da sai an saba.

Sai batun sunayen aro, wanda ke ɓatar da masu bincike da yawa. Tinker ya yi aiki da sunan Francisco Gómez Trejo, saboda haka takardun Sifaniya da na Amurka za su iya nuna mutum ɗaya kamar mutum biyu. Shawarata ita ce a fara da sunan gaskiya a ALBA, a rubuta sunan aron a gefe, sannan a duba rumbun SIDBRINT na Jami'ar Barcelona, wanda ya haɗa baƙin da suka zo daga ƙasashe da dama. Wanda ke neman matuƙan Tarayyar Sobiyet, ko Italiyawa da Jamusawan da suka yi wa Franco aiki, ba a ALBA zai same su ba. Wanda kuwa rukunin Lacalle yake son fentawa ya ɗora a tebur, zai iya cika katunan matuƙansa Amurkawa daga ALBA ba tare da ya kashe ko kwabo ba, sai ya ajiye kuɗinsa don littafi ɗaya mai zanen jirage masu launi.