Kafin ka sayi mutum-mutumi masu aiki da taswira ɗaya

Mai sayarwa zai fara yi maka tallar kyamara da na'urar LiDAR, wadda ke auna nisa da hasken laser. Ka bari ya gama, sannan ka tambaye shi: in sadarwa ta yanke tsakanin mutum-mutumin, ina makomar taswirar? A nan kaya ke bambanta.

Tsari biyu ne. A na farko, kowane mutum-mutumi yana tura abin da ya gani zuwa babbar kwamfuta guda, ita ta haɗa taswirar ta mayar musu. Haka manhajar COVINS ta jami'ar ETH Zurich ke aiki. Na'urorin ba sa buƙatar kwamfuta mai tsada a jikinsu, gyara kuma wuri ɗaya ake yi. A sito mai Wi-Fi mai ƙarfi, ni dai wannan zan ɗauka.

Na biyu ba shi da shugaba. In mutum-mutumi biyu suka kusanci juna, sai su yi musayar taƙaitaccen bayani, su duba ko sun taɓa bi ta wuri ɗaya, su ɗinke taswirorinsu a nan. Manhajojin Kimera-Multi ta jami'ar MIT da Swarm-SLAM suna wannan sahu; Kimera-Multi har yana bambanta gini da hanya a cikin taswirar. Ramin ma'adinai da ginin da ya rushe irin wannan suke so. A gasar ƙarƙashin ƙasa ta DARPA, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, wadda aka kammala a Kentucky ta Amurka a 2021, sai da mutum-mutumi suka riƙa ajiye ƙananan rediyo a hanya don kada saƙo ya katse. Kuɗin wannan tsari na biyu fa ya fi yawa, yana kuma cin batir. Babban haɗarin shi ne lunguna biyu masu kama da juna: in aka ɗauke su wuri ɗaya, taswirar kowa ta karkace. Ka nemi a gwada maka yadda manhajar ke watsi da irin wannan haɗi, a wurin aikinka, ba a bidiyon talla ba.

Kyamara ta fi araha kuma ta fi gane abubuwa, amma duhu na wahalar da ita. LiDAR bai damu da haske ba.

In za ka gauraya kayan kamfanoni daban-daban, duba ko suna bin VDA 5050 ko Open-RMF, tsare-tsaren da ke ba mutum-mutumin kamfanoni daban-daban damar aiki tare. Sai dai waɗannan rabon aiki da tsara zirga-zirga suke yi, ba sa ɗinke taswira. Batun ɗinke taswira ka sa a rubuta shi daban a yarjejeniya.